Shekarar da Aka Sa wa Baba Ƙarfe a Baya

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka ji a bakin mutane game da barin karatuna. Wasu sun ce jarrabawa na faɗi a Yamai na gudo gida, wasu sun ce yawan karatu ne ya taɓa mini kai. Ban taɓa musa wa kowa ba, don ni ba mai yawan magana ba ne, kuma amsar tana da tsawo. Yanzu da furfura ta fara cin gemuna, gara in rubuta muku ita da hannuna. Ban faɗi jarrabawa ba, ban ma zauna ta ba. Abin da ya dawo da ni gida ƙarya ce guda ɗaya da na yi wa likita a kan bayan kakanku.

Sai kun san rijiyarmu kafin ku gane sauran. Rijiyoyin arewacin Dakoro ba irin na kudu ba ne da za a zura guga a jawo da hannu. Tamu in ka saki tsakuwa, sai ka gama salati kafin ka ji ta taɓa ruwa. Sa ne ke jan igiya, ƙanwata Rabi, gwaggonku, ita ke kora shi, ya yi tafiya mai nisa kafin wasaki, babban gugan fata, ya iso baki. A bakin rijiyar an kafa gwafa huɗu, kowace da gidan da ke da ita, igiya na bi ta kan wani ɗan itace mai juyawa a tsakanin yatsunta. Tamu ita ce ta gabas, uban Baba ya kafa ta. Al'adar wurin kuwa ita ce, gwafar da ta yi rani guda babu ɗan gidan a tsaye a gindinta, ta zama aro a hannun wani, kuma ba a taɓa ganin aron gwafa ya dawo ba. Aikin mai tsayuwa shi ne, in wasaki ya fito cike, ya sunkuya ya cafke shi, ya murɗa ƙugu ya juyo da shi, ya zuba a kwamin da shanu ke sha. Sunkuyo, ɗauka, murɗawa, tun fitowar rana har azahar. Wannan shi ne aikin Baba tun yana saurayi. Ƙanena Sani da ya kamata ya karɓe shi ya tafi ci-rani Libiya, shekara biyu ba labari.

Abu na biyu da ya kamata ku sani, ni ne ɗan fari. Ku da kuke hawa kafaɗata kuna ja mini kunne ba za ku gane wannan da sauƙi ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. A ɗakin uwarsa, Iya, na tashi. In yana da saƙo gare ni, ko da muna zaune kan tabarma ɗaya, sai ya dubi Iya ko Rabi ya ce, a gaya wa wancan. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ta yi daidai da halina. Ni yaro ne mai son kusurwa da littafi, wanda ke jera bik ɗinsa na rubutu bisa tsawo. Ban taɓa jin an tauye ni ba sai a shekarar da nake ba ku labari.

Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun kimiyyar fizik, ciwon Baba ya yi tsanani. Daga ƙugu yake tasowa ya bi ƙafar hagu har yatsu, kamar ana jan zaren wuta. An yi ƙaho, an yi lalas, an sha saiwa iri-iri. Ranar da ƙafar ta ƙi ɗaukarsa ya faɗi a gindin gwafa, aka kai shi asibitin Dakoro, daga nan Maradi, aka yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce sai Yamai. Bayan an gama girbi na tarbe shi a tasha, yana dogara sanda, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Likitan da ya duba shi Bazabarme ne, Hausarsa ta cinikin kasuwa ce, sai ya zama ni ne tafinta. A lokacin yana aiki tare da wasu likitoci baƙi da suka zo da sabbin kaya. Ya ɗauko ƙashin baya na roba ya nuna mana. Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan baya, a jere ɗaya bisa ɗaya, tsakanin kowane biyu akwai wani ɗan matashi mai laushi. Na Baba guda ya lotse, ƙashi yana zamewa kan ƙashi yana matse jijiyar ƙafa. Ya ce aiki iri biyu ne. Na farko, a ɗaure ƙasusuwan biyu da sandunan ƙarfe masu tauri har su haɗe su zama ɗaya. Wurin ba zai ƙara motsi ba, amma motsin da ya rasa zai koma kan gaɓoɓin sama da ƙasa, su yi ta ɗaukar aikin da ba nasu ba, suna iya gajiya da wuri. Na biyu, a ɗaura ƙusoshi masu murɗi guda huɗu, irin waɗanda makanikai ke ce wa bis, biyu a kowane ƙashi, a haɗa su da igiya mai ƙarfi da ɗan bututun roba. Igiyar ta hana sunkuyo ya wuce kima, bututun ya hana gantsarewa, a raba nauyi da matashin da ya gaji, gaɓar kuma tana ɗan motsi.

Na juya wa Baba maganar kalma bayan kalma. Ya dubi kan sandarsa ya ce:

"Na hwarko ɗorin karaya ne. Na biyun kuwa dabaibayi. Raƙumi ya yi kiwo, amma ba shi gudu."

Da na fassara, likita ya yi dariya ya ce bai taɓa jin wanda ya gane da sauri haka ba. Sannan ya daina dariya. Ya ce dabaibayin yana da sharaɗi. Tunda ƙasusuwan ba za su haɗe ba, bis ɗin nan huɗu za su yi ta ɗaukar nauyi har ƙarshen rai, ba ranar hutu. Suna jure tafiya da salla da zaman tabarma. Abin da ba sa so shi ne mutum ya sunkuya da kaya mai nauyi ya kuma murɗa, yau da gobe, don wannan yana girgiza su cikin ƙashi. Ya tambaya wane aiki Baba yake yi. Wannan ma na juya shi duka, ban rage ko harafi ba. Baba ya ce wa sandarsa:

"A gaya mai ni tsoho ne. Zaman inuwa nike. Ɗiya ka aiki."

Na faɗa da Faransanci. Likita ya kamo hannun Baba ya juya tafin, ya dubi kantar igiya da ta yi kauri kamar kofato. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni ni kaina, ba ta hanyar Baba ba, ko gaskiya ne. Har yau ina jin ƙarar fankar ɗakin. Na san rijiya, na san gwafa, na san Sani ba ya nan. Na kuma san dalilin Baba: ya ji an ce ɗayan aikin yana sandarar da baya, shi kuwa so yake ya koma bakin rijiya. Amma a ce ɗan fari ya ƙaryata ubansa a gaban baƙo, uban yana zaune? Na dubi takalmina na ce, i, gaskiya ne.

Aka yi aiki, ya kuma yi kyau. Kwana kaɗan Baba ya taka ƙasa, zaren wutar nan ya mutu. Da ya koma gida mutane suka yi ta zuwa kallo, ana cewa ɗan lakkwal, wato ɗan boko, ya yi rana. Ni kuwa tun daga ranar ban ƙara cin abinci ya yi mini daɗi ba. Na shiga ɗakin littattafai na ɗalibai masu karatun likita, na nemo duk abin da zan iya ganewa a kan irin wannan aiki. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, na musamman, na zana ƙasusuwan da bis ɗin, na ja kibiyoyi inda nauyi ke bi. Abin da muke koyo a aji ne sak: kaya in ya yi nisa da jiki, ƙarfinsa a kan ƙugu yana ninkuwa, kamar yadda doguwar sanda ke ɗaga dutsen da gajeriya ba ta ɗagawa. Wasaki cike a ƙarshen hannuwa miƙaƙƙu, ga murɗawa a kai. Na yi lissafin sau da yawa ina fatan in gano kuskure, ban samu ba. Malami na bayani a allo, ni kuwa ina ganin ƙusa tana rawa cikin ƙashi. Abokan ɗakina suka ce soyayya ce ta kama ni, na bar su a haka.

Da tabkuna suka ƙafe, Rabi ta kira ni a waya daga Dakoro ranar kasuwa. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Yaya, tsohonka ya koma gwafa. Ɗamarar da likita ya ba shi ma ya rataye ta a danga, kaji na hawa."

Da aka ba da hutu na tafi gida. Na tsaya nesa da rijiya, a bayan shanu, ina kallo. Sunkuyo, ɗauka, murɗawa. Ina ƙirgawa a zuciyata har na ɓace. Da azahar na ga ya kai hannu ƙugu ya ɗan tsaya kafin ya miƙe, ya waiwaya ko wani ya gani. Na wuce ɗakin Iya. Tana ganina ta fara abin da ta saba.

"Maigidana, ka zo hannu biyu? Dubi wuya kamar na zalɓe. Yamai ba su da hatsi ne, ko wata ta kwace mini kai ba ta iya tuwo ba?"

Na ce mata ta yi wa Baba magana, in ya ci gaba ƙarfen zai saki. Ta ajiye mazarinta.

"Na gaya mai tun ba ka zo ba. Ya ce in ya zamna, gwafar ubanshi ta tahi, shanu su bi layin baƙi su sha laka. Kai ka kai shi aka sa mai ƙarhe. Maganar taka ce."

"Iya, ta yaya zan yi?"

"Da baki. Ko shi ma a lakkwal ka baro shi?"

Ban iya ba. Kwana shida na yi ina shirya kalmomi, in na hango shi sai su watse. Abin da kawai na iya shi ne tuna wa Rabi ta tuna masa cewa likita ya ce a sake radiyo bayan wata shida. Ya yarda, muka je Maradi muka dawo. Na ɗauki hoton na kai Yamai.

Likita ya ɗora shi kan fitila ya daɗe yana kallo. Ya nuna mini da bakin bik. Bis uku sun zauna daram, ƙashi ya rungume su. Ta huɗu, ta ƙasa a hagu, akwai wani siririn layi baƙi da ya zagaye ta, kamar an zana da fensir. Ya ce wannan rata ce, ta fara motsi. Kafin ya tambaya na faɗa masa komai, rijiya da wasaki da abin da na yi a ɗakinsa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ƙashi abu ne mai rai. In aka daina girgiza ta yanzu, tana iya tsayawa inda take, mutum ya rayu da ita lafiya. In aka ci gaba, ramin zai faɗaɗa, sai an sake buɗe bayan, kuma ba shi da tabbacin ƙashin tsoho zai riƙe wasu sabbi. Na tambaya ko za a iya jira damina. Ya ce shi bai san ranar da za ta saki ba, kuma ba ya son ya sani.

Saura mako uku jarrabawa, saura kusan wata uku ruwa ya sauka. Na zauna bakin asibiti da hoton a cinya har inuwa ta juya. Na lissafa kowa: Sani ba labari, Rabi tana wajen san da ke jan igiya, ɗan haya kuwa ba ɗan gida ba ne, gwafa ba ta san shi ba. Lissafin ya tsaya a kan mutum ɗaya. Na koma ɗaki na jera littattafaina cikin akwati bisa tsawo, washegari na shiga mota.

Ranar da na isa ban ce wa kowa komai ba. Da aka sallame asuba na riga Baba fita, na je na tsaya a gindin gwafar gabas. Rabi ta zo da sa ta gan ni, ta ɗaura igiya. Wasakin farko da ya fito ya kusa ja na cikin rijiya. Na biyu na zubar da rabi a ƙafafuna. Masu sauran gwafun suka fashe da dariya, wani ya ce, yana yi mini kiran manya irin na Faransanci:

"Kai jama'a, yau kwamanda ne ke ba shanu ruwa! Mushe, a kawo maka kujera?"

Dariyar ta tsaya ne da Baba ya iso. Ya tsaya taku uku daga gare ni, yana naɗe hannun riga, idonsa a kan kwami. Ya ce:

"A gaya wa wancan ya ba ni wuri."

Ban matsa ba. Ya ɗaga murya wajen Rabi ya maimaita. Rabi ta riƙe igiyar hancin sa ta ce:

"Baba, yau kam ni ban jin kira. Ga ka, ga shi."

Na san in na buɗe baki da bayanin da ke cikin kaye, ba zai fito ba. Kusa da ni akwai turken da ake ɗaure san Rabi in ya huta, an kafa shi da kyau cikin ƙasa mai tauri. Na durƙusa na kama kansa na fara kaɗa shi, gaba, baya, in murɗa. Da farko bai motsa ba. Na ci gaba, mutane na kallo, zufa na zuba mini a ido. Sannu a hankali ƙasar da ke gindinsa ta tsage, rata ta buɗe ta zagaye shi, har ya fara rawa. Na ciro hoton daga cikin rigata na ɗaga shi saitin rana, na sa yatsa a kan bis ta huɗu da baƙin layinta. Sannan, karo na farko a rayuwata, na dubi fuskarsa.

"Baba, ga taka nan. Ta fara. Likita ya tambaye ni a Yamai na yi masa ƙarya. Ba zan tashi daga nan ba."

Ban san tsawon lokacin da ya yi yana duban hoton ba. Ya dubi turken. Shi da ya kafa turaku fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ya san turken da ya fara rawa ba ya komawa da kansa in ana ci gaba da ja. Ya sa ƙafa ya tura ƙasa a ramin ya danne ta da diddige. Na jira ya juya ya tafi, ko ya ɗaga sanda. Ana haka Rabi ta kora sa, igiya ta fara kuka, wasaki ya taso. Na sunkuya zan cafka, sai na ji murya a bayana, kusa ƙwarai.

"Ba haka ba. Buɗe ƙahwa. Sauka da gwiwa, ba da baya ba. Jawo shi jikinka tukuna. To, juya da ƙahwa, kar ka murɗa ƙugu. Kai, mi aka koya maka a can?"

Ni yake yi wa magana. Ruwan ya shiga kwami duka, ban zubar da ko kaɗan ba, amma ban ga shanun da suka sha ba, don idona ya cika.

Rani huɗu na yi a gindin gwafar nan kafin Sani ya dawo. A lokacin gurbina a jami'a ya daɗe da rufewa, abokan ajina sun zama injiniyoyi da manyan malamai. Ni na samu koyarwa a lakkwal ɗin ƙauye, inda kuka san ni. Ba zan ce muku ban ji zafi ba. Akwai shekarun da in na ji an ambaci Yamai a rediyo sai in tashi in fita. Kuma ban taɓa daina tsoro ba: duk lokacin da Baba ya yi ruku'u a gabana a masallaci, idona na kan ƙugunsa, Allah ya gafarta mini sallolin nan. Sau biyu muka sake radiyo, layin yana nan yadda yake, bai faɗaɗa ba. Da ƙafafunsa ya yi ta zuwa rijiya har ƙarshen ransa, gwafar gabas kuma har yau tamu ce.

Kullum yakan zo ya shimfiɗa buzunsa a inuwar aduwa kusa da kwami, ya yi ta gyara mini tsayuwa, ko da na riga na iya. A nan yake ba ni labarin ubansa, da shanun da suka mutu a shekarun fari, da yadda ake gane ruwa ya kusa ƙafewa daga kukan igiya. Da mun shiga gida kuwa, sai ya zauna kan tabarma ya dubi Iya ya ce, a gaya wa wancan ya ci abinci, ya yi aiki yau. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba har ya koma ga Allah. Hoton yana cikin akwatin littattafaina, a ƙasan kayen mai zane. In kun tashi dubawa, ku fita waje ku ɗaga shi saitin rana, a ɗaki ba a ganin layin.